Sydney Ringer, likitan da sunansa ke rubuce a kan ledar ƙarin ruwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a gidan likita na Falanko, ko a asibitin gundumar Tanut, ko a babban asibitin Damagaram, ya san ledar nan da ake ratayewa a jikin ƙarfe kusa da gado, ruwa na ɗiga a hankali yana bin siririn tiyo har cikin jijiyar hannu. Sai a ce an yi wa wane ƙarin ruwa. In aka duba rubutun da ke jikin ledar, sau da yawa kalmomi biyu ake gani: Ringer Lactate. Jama'a da dama sun ɗauka sunan kamfani ne. Ringer dai sunan mutum ne, wani likita ɗan ƙasar Ingila da ya rasu a 1910. Shi ne ya gano cewa zuciya ba ta iya bugawa sai da wasu nau'o'in gishiri guda uku, kowanne da gwargwadonsa. Hanyar da ya bi ya gano haka kuwa ta faro ne daga wani kuskure da aka yi a ɗakin gwajinsa, wanda ya ƙi ɓoyewa.

Maraya daga Norwich

An haifi Sydney Ringer a 1835 a Norwich, wani tsohon birni na gabashin Ingila. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya rasu ya bar ƴaƴa maza uku ƙanana a hannun mahaifiyarsu. Biyu daga cikinsu suka gaji sana'ar uban, suka tafi neman arziki a gabas mai nisa. John ya zauna a Shanghai ta ƙasar Sin. Frederick ya isa Nagasaki ta ƙasar Japan, ya kafa kamfani a 1868, ya yi suna ƙwarai, har yau gidansa na nan tsaye masu yawon buɗe ido na ziyarta. Sydney shi kaɗai ya zaɓi aikin likita. Ya fara da koyo a hannun wani likita a garinsu, kamar yadda aka saba a wancan zamani, sannan a 1854 ya shiga sashen likitanci na University College da ke Landan.

A shekarar da ya isa Landan, cutar kwalara ta faɗa wa unguwar Soho, wadda ba ta da nisa da makarantarsa, ta hallaka fiye da mutum 600 cikin ƴan makonni. A wannan annobar ce likita John Snow ya nuna cewa daga famfon ruwa guda na titin Broad Street cutar ke yaɗuwa. Tun a 1832 wani likitan Sukotland mai suna Thomas Latta ya gwada zuba ruwan gishiri cikin jijiyar masu kwalara. Wasu sun farfaɗo na ɗan lokaci, da yawa sun mutu, aka watsar da dabarar. Ba wanda ya san wane gishiri jiki ke buƙata, ko nawa.

Ringer ya sami digirinsa na farko a 1860, na biyu a 1863. Daga nan bai sake barin asibitin University College ba sai da ya yi ritaya. Ya kuma yi ƴan shekaru yana duba yara a asibitin Great Ormond Street.

Likita mai son awo

Likitocin wancan lokaci sun fi dogara da ido da hannu da abin da malamansu suka gaya musu. Ringer mutum ne mai son ya auna. A 1865 ya wallafa wani ɗan littafi a kan yadda awon zafin jiki ke taimakawa wajen gane tarin fuka, a lokacin da ma'aunin zafi bai zama kayan aikin kowane likita ba. A 1869 ya fitar da littafin da ya sa aka san shi a ko'ina, Handbook of Therapeutics, wanda ke bayanin magunguna da yadda ake ba da su. An buga shi har sau 13, na ƙarshe a 1897, aka kuma fassara shi cikin wasu harsuna.

Ɗalibansa sun shaide shi da sammako da kiyaye lokaci da ƙarancin magana. Ba ya son taron manya, ba ya son biki. Ranarsa a rabe take tsakanin zagayen majinyata, da koyarwa, da waɗanda ke zuwa ganinsa a gida. Duk ɗan lokacin da ya rage, a wani ƙaramin ɗaki na sashen nazarin aikin jiki yake ƙare shi. Babu wanda ya ɗauke shi aikin bincike, shi ya ɗora wa kansa. Abin da ya dame shi shi ne sanin yadda magunguna ke taɓa zuciya, don haka yana buƙatar zuciyar da za ta ci gaba da bugawa a gabansa, a wajen jiki, har ya gama gwajinsa.

Zuciyar kwaɗo

Zuciyar kwaɗo ta dace da wannan aiki. Kwaɗo dabba ce mai sanyin jini, zuciyarsa na jure zama a waje na tsawon lokaci matuƙar akwai ruwan da ke ratsa ta. Ringer yakan ɗaura ɓangaren zuciyar da ke harba jini a bakin wani siririn bututu, ya riƙa zuba ruwa yana zagayawa. Duk matsewar da tsokar ta yi tana motsa wani ɗan tsinke, tsinken yana zana layi a kan takardar da aka shafe da baƙin hayaƙi, wadda ke naɗe a jikin ganga mai juyawa. In zuciya na da ƙarfi, layin ya yi tsalle sama. In ta raunana, tsallen ya ragu har ya miƙe.

Da jinin sa da aka busar aka sake narkarwa, zuciyar na bugawa lafiya lau. Tambayar ita ce: a cikin duk abubuwan da ke cikin jini, wanne ne ke riƙe da bugun? Sai ya shiga jarraba su ɗaya bayan ɗaya. Tushen gwajin shi ne ruwan gishirin miya, giram 7 da rabi a cikin lita guda. A 1882 ya wallafa sakamakonsa a mujallar Journal of Physiology. Abin da ya rubuta shi ne, ruwan gishiri na riƙe bugun zuciya, amma tsokar na jinkirin sakin jiki bayan ta matse, kuma ɗan ƙaramin gishirin fotasiyom na gyara wannan matsala. A ganinsa, magana ta ƙare: gishirin miya da ɗan fotasiyom sun isa.

Ruwan famfo

Bayan fitowar wannan rubutu ne Ringer ya gano wani abin da zai iya zubar masa da mutunci. A ƙa'ida, da tataccen ruwa ake haɗa ruwan gwaji, wato ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, irin wanda masu gyaran mota ke zubawa a batir, wanda babu komai a cikinsa. Amma wanda ke taimaka masa a ɗakin gwaji da ruwan famfo ya riƙa haɗawa, na kamfanin New River Water Company da ke shayar da arewacin Landan. Labarin da ya yaɗu daga baya a tsakanin masana shi ne, yaron ya ga tace ruwa ɓata lokaci ne, ya ɗauka maigidan ba zai taɓa lura ba.

Nan take Ringer ya sake gwajin da tataccen ruwa. Sakamakon ya sha bamban. Zuciyar ta yi ta raunana, cikin kamar minti 20 ta daina matsewa gaba ɗaya. Ƙarin fotasiyom bai tashe ta ba. Ashe abin da ya wallafa wa duniya a bara bai tsaya a kan gaskiya ba.

Yana iya yin shiru, domin masu irin wannan bincike a lokacin ba su da yawa. Maimakon haka, sai ya sa aka auna abin da ke cikin ruwan famfon. Ruwan kamfanin yana fitowa ne daga yankin da ƙasarsa alli ce, irin ruwan nan da sabulu ke wahalar kumfa a cikinsa, mai barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Aka tarar da kalsiyom kimanin miligiram 38 a kowace lita. Kalsiyom shi ne sinadarin da ke cikin alli da ƙashi da ɓawon ƙwai da madara, kuma a wancan lokaci ana ganin aikinsa a jiki bai wuce gina ƙashi da haƙori ba.

Ringer ya ɗiga ɗan gishirin kalsiyom cikin tataccen ruwan gishirin, sai zuciyar da ta tsaya ta farfaɗo. Ya lura kuma cewa kalsiyom shi kaɗai yana sa tsokar ta daɗe a matse, kuma fotasiyom ne ke sassauta ta. In fotasiyom ya yi yawa, zuciyar ta tsaya a sake, kamar tsumma. Da ya daidaita ukun, wato sodiyom na gishirin miya da kalsiyom da fotasiyom, zuciyar kwaɗo ta yi ta bugawa sa'o'i ba tare da ɗigon jini ba. A 1883 ya wallafa sabon rubutu a wannan mujallar, kuma da bayanin kuskuren ya buɗe shi, har da sunan kamfanin ruwan. Wannan haɗi shi ake kira ruwan Ringer.

Bai tsaya nan ba. Ya sa ƙananan kifaye cikin tataccen ruwa, suka mutu da wuri, amma da aka sa ɗan kalsiyom suka rayu. A 1890, tare da abokin aikinsa Harrington Sainsbury, ya nuna cewa daskarewar jini ma tana buƙatar kalsiyom. A 1885 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta Ingila, a 1887 kuma ya hau babbar kujerar farfesan likitanci ta asibitinsa.

Tabon da ke cikin tarihinsa

Son gwajin nan nasa bai tsaya a kan kwaɗi da kifaye ba. A 1883, shekarar da ya yi babban bincikensa, shi da wani abokin aikinsa William Murrell suka wallafa a mujallar The Lancet abin da ya faru da aka ba wasu majinyata wani sinadari mai suna sodiyom nitirit. Da yawa daga cikinsu sun yi fama da jiri da bugun zuciya da ciwon kai, leɓɓansu suka yi shuɗi. Jaridu da wasu likitoci suka yi musu ca, ana zarginsu da mai da talakawan da ke zuwa asibiti abin gwaji. An kuma soke shi a kan gwada magunguna a jikin yara. A zamaninsa babu wata doka tsayayya a kan neman yardar majinyaci. A 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, aka rubuta ƙa'idar da ta ce ba a gwaji a jikin mutum sai da saninsa da amincewarsa. Masu rubuta tarihin likitanci suna ambaton wannan ɓangare na aikin Ringer tare da sauran.

Lastingham

A 1867 Ringer ya auri Ann Darley, ƴar wani babban gida na yankin Yorkshire. Suka haifi ƴaƴa mata biyu. Babbar, Annie, ta rasu tana da shekara bakwai, duk da mahaifinta na cikin manyan masana magani na ƙasar. Domin tunawa da ita, ya biya kuɗin gyaran tsohuwar majami'ar ƙauyen Lastingham, inda iyalin ke da gida, aka yi aikin a 1879. Matarsa ma ta riga shi rasuwa. A 1900 ya ajiye aiki, daga bisani ya koma wannan ƙauye. Can ya rasu ranar 14 ga Oktoba 1910 bayan shanyewar ɓarin jiki, aka binne shi a harabar majami'ar da ya gyara.

Ƙofofin da bai gani ba

Ringer ya mutu ya san cewa zuciya na buƙatar gishirin nan uku, amma dalilin ya ɓuya masa. Amsar ta ɗauki kusan ƙarni guda kafin ta cika.

Mataki na farko ya zo ne daga Suwidin. A 1887 Svante Arrhenius ya bayyana cewa in gishiri ya narke a ruwa, rabuwa yake yi zuwa ƴan mitsi-mitsin ɓarɓashi masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda ake kira iyon. Ke nan jini da ruwan jiki cike suke da abubuwan da ke iya ɗaukar wuta.

Jikin mutum kuma an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kowace a lulluɓe da wani tantani siriri. A cikin ƙwayar fotasiyom ne ya fi yawa, a wajenta sodiyom da kalsiyom. Akwai wani ɗan famfo a jikin tantanin, wanda Jens Skou ɗan ƙasar Danmak ya gano a 1957, da ke fitar da sodiyom uku ya shigo da fotasiyom biyu, dare da rana. Wannan bambanci na ciki da waje ya mai da kowace ƙwaya tamkar ƙaramin batir, mai ƙarfin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt guda ba. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne.

A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka nuna yadda wannan batir ke aika saƙo. Sun yi aikinsu a Plymouth da Kambirij, a kan jijiyar wata dabbar teku mai hannuwa goma, jijiyar da kaurinta ya isa a zura mata waya. Suka ga cewa da farko sodiyom ne ke kwarara ciki, nan take fotasiyom ya kwarara waje, duka cikin ƴan kashi dubu na daƙiƙa, kuma haka abin ke bin jijiya daga wannan wuri zuwa na gaba. Da wannan hanya saƙo ke tashi daga yatsan da ya taka ƙaya ya isa ƙwaƙwalwa, a wasu jijiyoyin da gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa. An ba su kyautar Nobel a 1963.

A 1976, a garin Göttingen na Jamus, Erwin Neher da Bert Sakmann suka manna bakin wani gilashi mai tsananin siranta a jikin tantani, suka auna wutar da ke bi ta kafa guda ɗaya tak. Ta haka aka tabbatar cewa akwai ƴan ƙofofi a jikin tantanin, masu buɗewa da rufewa, kuma kowace irin ƙofa da wanda take bari ya wuce: ta sodiyom daban, ta fotasiyom daban, ta kalsiyom daban. Ƙofa guda na iya wuce da miliyoyin iyon a daƙiƙa. A 1998 Roderick MacKinnon, a Amurka, ya fito da ainihin siffar ƙofar fotasiyom. Su ma duka an ba su Nobel, a 1991 da 2003.

Da wannan aka fahimci abin da Ringer ya gani a kan takardarsa mai hayaƙi. A kowane bugu, ƙofofin sodiyom ne ke fara buɗewa su kunna ƙwayar. Na kalsiyom su biyo, kalsiyom ɗin da ya shiga shi ke ba tsoka umurnin matsewa. Sai na fotasiyom su mai da ƙwayar yadda take, tsoka ta saki, zuciya ta cika da jini. Haka ake yi kimanin sau 100 000 a kwana guda. Wutar da na'urar ECG ke zanawa a takarda, in an manna wa mutum wayoyi a ƙirji, jimillar aikin waɗannan ƙofofi ce. In babu kalsiyom a waje, babu mai ba da umurni, shi ya sa zuciyar kwaɗo ta tsaya cikin tataccen ruwa. In fotasiyom ya yi yawa a waje, batirin ya mutu. Likitocin tiyatar zuciya ma da ruwa mai yawan fotasiyom suke tsayar da ita da gangan har su gama aiki.

Abin bai tsaya ga zuciya da jijiya ba. A University College, inda Ringer ya yi rayuwarsa, Bernard Katz ya nuna cewa sai kalsiyom ya shiga bakin jijiya take sakin sinadarin da ke motsa tsoka. Ƙwayoyin da ke fitar da insulin, a gaɓar nan da ke bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas, su ma da lantarki suke aiki. A 1984 Frances Ashcroft da abokan aikinta a Okusfod suka nuna cewa in sukari ya ƙaru, wata ƙofar fotasiyom ce ke rufewa, daga nan ƙofar kalsiyom ta buɗe, insulin ya fito.

Magunguna da dama da ake saye a famasi a kan waɗannan ƙofofi suke aiki. Glibenclamide na masu ciwon sukari yana rufe waccan ƙofar ta fotasiyom. Amlodipine da nifedipine na masu hawan jini suna toshe ƙofofin kalsiyom na jijiyoyin jini, su saki. Lidocaine, allurar da ake yi kafin ɗinkin rauni ko cire haƙori, tana toshe ƙofofin sodiyom, sai saƙon zafi ya kasa wucewa. Dafin kunama ma, wanda mutanen Damargu da Agadas suka san haɗarinsa ga ƙananan yara, waɗannan ƙofofi yake kamawa ya hana su rufewa a kan lokaci, shi ya sa yaron da aka harba ke zufa da dalala, zuciyarsa na rikicewa.

Daga kwaɗo zuwa gadon asibiti

Domin ɗakin gwaji Ringer ya haɗa ruwansa, kuma masu bincike a duniya suka karɓe shi suna yi masa gyare-gyare. A 1932, shekara 22 bayan rasuwarsa, wani likitan yara a garin Saint Louis na Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara masa sinadarin laktat, domin magance tsamin da jini ke yi a jikin yaran da zawo ya galabaitar. Daga nan aka sami Ringer Lactate. A lita guda akwai gishirin miya kimanin giram 6, gishirin fotasiyom da na kalsiyom kuwa kowanne bai kai rabin giram ba. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma shi hukumar ta fi so a ɗaura wa mai kwalara da ruwan jikinsa ya ƙare.

Kwalara kanta ciwon ƙofa ce. Gubar ƙwayar cutar tana tilasta wa wata ƙofa ta jikin hanji ta zauna a buɗe, gishiri ya yi ta fita, ruwa na bin sa, har babban mutum ya iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya. Tare da ruwan, fotasiyom ma na tafiya. Ma'aikatan jinya da suka yi aiki a annobar Madarunfa ta 2018, ko ta 2021 da ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram, da wannan leda suka tsamo waɗanda suka iso a sume.

Waɗanda ke iya sha kuwa, ɗan ƙunshin garin nan na SRO ya wadatar da su. An gano cewa akwai wata hanya a hanji da ke shigar da sodiyom tare da sukari, wadda gubar kwalara ba ta lalatawa. A 1971, a sansanin ƴan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya shayar da dubban mutane ruwan gishiri da sukari bayan ledojin ƙarin ruwa sun ƙare, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ƙunshin SRO na yau yana ɗauke da gishirin miya giram 2,6 da na fotasiyom giram 1,5 da sukari giram 13,5, kuma an auna su ne domin lita guda cif ta ruwa mai tsabta. In aka rage ruwan domin a ƙara wa maganin ƙarfi, gishirin na iya yi wa yaro illa.

Batun gwargwado ya shafi abubuwan gida ma. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci Neil Davidson da Eldryd Parry sun bi diddigin mata masu jego da zuciyarsu ke kasawa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka danganta yawan matsalar da kunun kanwa mai yawa, tare da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ko da yake a Faransanci wasu na kiran kanwa potasse, sodiyom ne ya fi yawa a cikinta, shi kuma yana tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya nauyi. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma gargaɗin a kan yawan kanwa bai tashi ba.

Haka ita ma ledar da ke ɗauke da sunan Ringer. Akwai masu neman a yi musu ƙarin ruwa a gida da sun ji kasala, a hannun wanda bai koyi aikin ba. Ga mai ciwon zuciya ko na ƙoda, ruwan da ya wuce kima na iya taruwa a huhu. Ga yaron da tamowa ta kama sosai, zuciyarsa ba ta ɗaukar nauyi, shi ya sa a cibiyoyin CRENI ake ba shi wani haɗi na musamman mai suna ReSoMal, mai ƙarancin sodiyom da ƙarin fotasiyom, a hankali, ana duba bugun zuciyarsa da numfashinsa. Shi ya sa kuma ake ganin ma'aikacin jinya ya tsaya a gaban leda, agogo a hannu, yana ƙirga ɗigon da ke sauka a minti guda kafin ya wuce gado na gaba.